Hancin Gidan Abkar

Duk wanda ya taɓa sayen turare a kasuwar Jazan ya san Shau'i, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn nan mai furfura a gemu, wanda shagonsa ke daura da masu kitsa farin furen amare. Ka miƙa masa kwalba ya kai hanci sau ɗaya, zai lissafa maka abin da ke ciki da abin da aka yi algus da shi, har ya gaya maka ko a rana aka ajiye ta. 'Yan kasuwa suna shakkarsa, mata kuma ba sa haɗa kayan aure sai ya sa musu hanci. Shi dai duk wannan bai ɗauke shi a bakin komai ba, domin a ganinsa ba don kwalba Allah ya yi masa hancin ba.

Ɗan tsibirinmu ne, Farasan, daga wani ƙauye da ke can ƙurya. Ubansa Abkar shi ne mai hancin ƙauyen. Sau ɗaya a shekara, idan zafi ya fara kankama, harid yakan shigo mana, kifin nan kore shar mai baki irin na aku, dubbai a dunƙule, ya cika 'yar mashigar ruwan da ke bayan ƙauye. Wata shekarar ya yi kwana uku yana zuwa, wata shekarar safiya ɗaya ce. Kafin ya iso yakan aiko da wani ɗan ƙarni a iskar magariba, wanda ba kowane hanci ke kamawa ba. Abkar yana kamawa. Ranar da ya ji, sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame ya ce, "Gobe kada kowa ya fita." Shi ke nan ba kwale-kwalen da zai shiga teku. A sari rassan kisib, wani ɗan icce na tsibirin, a tara taruna, da safe a kewaye kifin a zuba masa rassan ya sarƙe, kowa ya faɗa ruwa yana kwasa da hannu yana cusawa a zane. Na farkon da aka kama kuwa gidan amaren shekarar ake kaiwa, mata su wuni a can suna kiɗa.

Shau'i ya gaji hancin, amma teku ba ta karɓe shi ba. Da kwale-kwale ya motsa sai kayan cikinsa su juya. Ɗan masunci da amai a teku, ai kun san bakin mutanenmu ba zai bar shi ya sha ruwa ba. Yana da shekara ashirin ya tattara ya haye Jazan. Uban bai hana shi ba, bai kuma taɓa ce masa komai game da hancin ba. Abkar yana cikin mutanen nan da suka riƙe cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu.

Bayan tafiyarsa da shekara biyu Jubran ya zo. Mutumin dutse ne, daga tsaunukan Fifa, magini, wanda bai taɓa ganin teku ba sai da gemu ya fito masa. An kawo shi gyaran rijiya, ya ga Sa'ada ƙanwar Shau'i, ya aure ta, ya manta hanyar gida. Tun daga lokacin kullum magariba yana gefen Abkar a bakin gaɓa, yana shaƙar iska yana tambaya, har ya iya. Yana kiran tsohon Baba, bakinsa ko nauyi ba ya yi.

Wannan "Baba" shi ya fi komai tsaya wa Shau'i a rai. Duk shekara zai shigo jirgin fito da kwandon mangwaro da turaren da ya fi kowanne a shagonsa. Tsohon zai karɓa ya sa albarka, ya miƙa wa Jubran kwalbar ya ce, "Ajiye mana." Mana. Jubran ne ya san gwiwar da ke ciwo, shi ke yanke masa farce, shi ya san yawan cittar da yake so a gahawa. Kuma abin haushi, mutumin ba shi da wani aibin da za ka kama ka ji sanyi. Da mugu ne da an huta. Shau'i yana jin ƙyashinsa, ya kuma san yana ji, ya yi istigfari a kai ba adadi. Da ya hango shi a bakin tashar jirgi yana ɗaga hannu yana washe baki, sai abin ya dawo sabo.

Shekarar da nake ba da labari, Sa'ada ta aiko masa cewa ƙafafun Baba sun ƙi, ba zai iya zuwa gaɓa ba, bana wani ne zai tsaya a ƙofar masallaci. Shau'i ya rufe shago kwana goma cur don hancinsa ya huta. Ya hana a kunna turaren wuta a gidansa, ya hana soya albasa, ya koma kwana a kan soro, safe da yamma yana shaƙa ruwan gishiri yana fyacewa.

Matarsa Hamda ta dube shi ta ce, "Baban Nasir, wai sarauta za a ba ka ne a can, ko kifi za ka ci ka dawo?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Kwana goma ina cin abinci lami saboda mijin ƙanwarka. Shi yana can yana cin nasa da albasa."

Jirgin fiton ranar ya cika maƙil. Motoci a ƙasa, tukwanen gas, buhunan dawa, awaki biyu da aka ɗaure a jikin ƙarfe, sama kuma mutanen birni ne da sabbin koma da akwatunan ƙanƙara, kowa zai je harid. Shau'i ya zauna can baya inda iska ke kaɗawa, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Wata tsohuwa ta ga yadda fuskarsa ta yi ta miƙo masa lemon tsami ya shaƙa, ya yi godiya ya ƙi karɓa. Ya gwammace aman da ya ɓata hancin da ya kwana goma yana wankewa.

Yana cikin wannan hali Uƙaili ya same shi, wani abokin tasowarsa mai bakin tsiya, wanda ya je Jazan sayen kayan injin kwale-kwale.

"A'a, mai turare. Har yanzu kai da teku ba ku shirya ba? To riƙe da kyau, kada ka ciyar da kifin tun kafin mu kama shi."

"Uƙaili, bar ni da abin da ya dame ni."

"Ka zo a daidai. Jubran ya ce ba zai wuce makon nan ba."

"Jubran ya ce." Shau'i ya maimaita a yatsine. "Shi da sai da ya girma ya san kifi ba a bishiya yake tsirowa ba?"

Uƙaili ya yi dariya har da buga cinya. "Faɗi ka ƙara. Amma bara shi ya riga tsohon ji, a gabana aka yi. Kai kuwa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka zo ka ci rabonka, mu sha ƙamshinka, ka koma."

Shau'i ya juya masa baya har tsibirin ya bayyana fari fat a kan ruwa.

Ya tarar da uban a kan gadon igiya, ya rame, Jubran na zaune a ƙasa yana matsa masa ƙafa. Gidan cike yake da mata, domin 'yar Sa'ada ta fari ce amaryar shekarar, ita kaɗai a ƙauyen bana. An yi mata lalle, an jera tukwane, ana jiran kifi kawai. Bayan gaisuwa Shau'i ya zauna yana jiran uban ya ce wani abu game da ƙofar masallaci. Abkar ya dube su ya ce, "Ku riƙa zuwa gaɓa ku biyu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya nemi a ba shi ruwa.

Magariba uku suna zuwa tare. Su yi salla a kan yashi, su zauna suna fuskantar teku. Jubran yana ta jan hira, yana ba shi labarin yadda barewa ta shiga gonar liman, Shau'i yana amsawa da "uhm". Mutane kuwa idan sun dawo Jubran suke tara da tambaya, shi ko a ce masa, "Mai turare, an sha iska?"

A magariba ta huɗu, rana ta faɗi, iska ta juyo daga kudu, sai ga shi. Ɗan ƙarni siriri mai zaƙi-zaƙi, kamar ƙwan kifi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shekara ashirin da biyar yana cikin kwalabe, amma bai yi ko ɗigon shakka ba. Tsikar jikinsa ta tashi, idonsa ya kawo ruwa. Har ya yunƙura zai miƙe.

Sai ya ga Jubran yana kallonsa. Mutumin yana ɗan fama da mura tun jiya, yana jan hanci, fuskarsa duk rashin tabbas.

"Yaya, ya ka ji iskar nan?"

Nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Shau'i ya ce a ransa, ashe bai ji ba. Ya hango yadda za ta kaya idan ya faɗa: zai tsaya a ƙofar masallaci ya yi magana, jama'a su juya su dubi Jubran, Jubran ya gyaɗa kai, gobe a ce Jubran ya tabbatar. Amma idan kifi ya shigo mutumin dutse bai ce uffan ba, kowa zai gani da idonsa cewa koyo daban, gado daban. Harid ai yakan yi kwana uku. Safiya ɗaya ce za a rasa, gobe da magariba shi zai tsaya ya yi magana, kuma ba wanda zai waiwayi wani.

Shau'i ya ce, "Iska ce kawai."

Jubran ya ƙara jan hanci, ya daɗe yana kallon ruwan. "Ka tabbata, Yaya?"

"Na ce maka iska ce. Tashi mu tafi."

Da asuba kwale-kwalen ƙauyen suka fita kaf, da tarunansu, zuwa can nesa inda suka saba. Da hantsi wata mata mai tsintar ƙirare ta shigo a guje tana kiran jama'a. Kafin Shau'i ya isa, mashigar ta yi baƙi ƙirin da kifi, ruwan yana tafasa, bayansu na walƙiya kore da shuɗi. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin mai yawan wannan tun suna samari. Ba taru, ba kisib ko reshe ɗaya, ba maza sai tsofaffi da baƙin birni da ba su san ta inda ake farawa ba. Mata suka shiga da zannuwansu, baƙi suka yi ta watsa koma suna tarwatsa shi. Jubran ya faɗa ruwa har wuya yana ƙoƙarin tare bakin mashigar da jikinsa. Ruwa ya fara janyewa, kifin ya juya gaba ɗaya ya bi shi. Abin da aka kama bai cika kwando biyu ba.

Kifin bai dawo washegari ba, bai dawo ranar da ta biyo ba. Shekarar ta safiya ɗaya ce.

Ranar da abin ya faru, da maza suka dawo da azahar suka ji labari, Jubran suka yi wa ca. Uƙaili ne a gaba.

"Dama an ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mu ne da laifi da muka ba mutumin dutse amanar teku."

Wani ya ce, "Ka koma ka shaƙo mana ruwan sama a Fifa, shi ka gada."

Jubran na tsaye da jiƙaƙƙen zane, kansa a ƙasa. Shau'i yana gefe yana ji, kuma ba zan rufa masa asiri ba: ya ji daɗi. Daɗin da ya shekara ashirin yana jira ne, ya sauka masa har tafin ƙafa. Bai fara gushewa ba sai da ya shiga gida ya ga mata suna naɗe tabarmi, masu kiɗa sun kife gangunansu, amarya tana ɗaki tana kuka. Ya ji wata tsohuwa tana cewa a ƙofa, "Amaryar da harid ya ƙi, Allah dai ya kyauta." Ya san wannan sunan zai bi yarinyar har ta yi jika.

Bayan kwana biyu, da aka fid da rai, Abkar ya sa aka kira su da la'asar. Sa'ada tana tsaye bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Baba, ka faɗa masa. Wallahi in ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Mijina ba zai yi ta shan zagi a gari yana shiru ba."

Jubran ya ce, "Sa'ada, ya isa."

"Bai isa ba. Yaya, Baba ne ya sa shi ya rantse, tun kafin ka zo, cewa bana ba zai riga ka magana ba. Ya ce kai yake so ka tsaya a ƙofar masallaci, yana raye ya ji da kunnensa."

Shau'i ya ɗago kai. Ya dubi Jubran.

Jubran ya ce, "Na ji wani abu ranar, Yaya, kaɗan, ta cikin mura. Shi ya sa na tambaye ka har sau biyu. Da ka ce iska ce sai na bar shi. Shekara ashirin Baba yana gaya mini nawa koyo ne, naka haihuwa ce. To in kai ba ka ji ba, ni wane ne? Laifina ne, da na karya rantsuwar na yi kaffara."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Shau'i uban yana faɗin haka. Ashe ana faɗa, shekara da shekaru, a bakin gaɓa, ga mutumin dutse. Ko a wannan lokacin sai da ƙyashin ya motsa masa, cewa har yabonsa ma Jubran aka ba ajiya.

Abkar ya ɗago hannu. "Shau'i, matso nan."

Ya matsa ya durƙusa a gefen gadon. Tsohon ya kama masa wuyan hannu, yatsunsa sanyi ƙalau.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka ji, ko ba ka ji ba?"

Tun yana saurayi yake jiran ranar da uban zai yi masa wannan tambayar. Amsar tana bakinsa, gaskiya ce kuma: na ji, Baba, na riga kowa ji. Amma idan ya faɗa, ya faɗa ke nan a gaban ƙanwarsa cewa yana sane ya bar kwale-kwale suka fita, yana sane ya bar 'yarta da tukwane wayam, ya tsaya yana kallo ana yaga mijinta. Ya dubi Sa'ada, ya dubi hannun da ke riƙe da shi.

Ya ce, "Ban ji ba, Baba."

Tsohon ya lumshe ido. Sannan ya saki hannun a hankali, hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige cikin kunne.

"To, turare ya cinye shi. Allah ya bayar, Allah ya karɓa." Ya numfasa. "Ban taɓa ganin hanci irinsa ba, har na ubana. Kana da shekara tara ka riga ni ji, ka ja mini riga, na yi kamar ban gane ba don kada baki ya kama ka. Na yi ta ajiye maganar sai ranar da za ka tsaya a wurin. Ashe na ajiye har ta lalace." Ya juya kai wajen Jubran. "Gobe a ɗauke ni a kai ni masallaci, in gaya wa mutane ni na ɗaure maka baki. Daga bana kai ne."

Jubran ya raka Shau'i tashar jirgi, shi ya ɗaukar masa jaka, har da ƙunshin busasshen kifi na Hamda. Da za su rabu ya rungume shi ya ce kada ya sa abin a ransa, hanci ai kamar ido ne, yana gajiya. Shau'i ya ce haka ne.

Har yau yana zuwa duk shekara, yana riƙe ƙarfen jirgi da hannu biyu, Uƙaili yana tsokanarsa da mai mataccen hanci, yana dariyar yaƙe. Yakan zauna a gaɓa cikin jama'a, kuma sau da yawa yakan riga Jubran ji, wani lokacin da magariba guda cur. Ba ya cewa komai, don ba wanda zai yarda, in kuma aka yarda za a tuna waccan shekarar. Sai ya zauna yana haɗiyar zuciya har mijin ƙanwarsa ya ɗaga kai ya shaƙa, jama'a su yi ta sa masa albarka. Abkar kuwa bai ga harid na gaba ba. Ya rasu da sanyin shekarar, ya tafi da abin da ɗansa ya gaya masa.